El Faro: jirgin da ya ɓace a Alwatikar Bamuda, aka bi sawunsa har ƙasan teku

Wurin da sunan da ya yi

In ka ɗauki taswira ka ja layi daga Miami a jihar Florida zuwa tsibirin Bamuda, daga nan ka gangaro San Juan na Puerto Rico, sannan ka koma Miami, za ka ga alwatika ta fito a cikin tekun Atlantika. Faɗinta ya kai wajen murabba'in kilomita miliyan 1.3, kusan girman Jamhuriyar Nijar ke nan. Wani marubuci ne ya raɗa mata suna Alwatikar Bamuda a wata mujallar Amurka a 1964, sunan kuma ya bi ta, ko da yake hukumar da ke kula da sunayen wurare a Amurka ba ta taɓa amincewa da shi ba.

Ba haka kawai wurin ya yi suna ba. A watan Maris na 1918 jirgin sojin ruwan Amurka mai suna Cyclops ya bar Barbados ɗauke da ma'adinin manganis da mutum 306, ya nufi Baltimore, har yau ba a ga ko ƙusarsa ba. Ranar 5 ga Disamba 1945 jiragen yaƙi biyar suka tashi daga Fort Lauderdale domin atisaye da mutum 14, ba su dawo ba. Jirgin da aka tura nemansu da mutum 13 shi ma ya bi su. Daga nan labari ya yi reshe. Wasu suka ce maganaɗisu ne a ƙarƙashin ruwa, wasu suka ce halittun wata duniya. A majalisun hira na ƙasarmu ma akan ji ana cewa can ne fadar Iblis, ko maɓoyar Dujal.

Wannan rubutu zai bi jirgi guda ne, wanda ya ɓace a cikin alwatikar a zamanin waya da tauraron ɗan'adam, daga ranar da ya bar tasha har ranar da aka rufe bincikensa.

Jirgin da mutanensa, 1975 zuwa 2015

An ƙera shi a 1975 a garin Chester na jihar Pennsylvania. A 1993 aka yanka shi gida biyu aka ƙara masa tsawo, ya zama mita 241, ya yi shekaru yana jigila zuwa Alaska. Tsakanin 2005 da 2006 aka sake yi masa kwaskwarima domin ya riƙa ɗaukar kwantena a samansa, motoci da tireloli a cikinsa, aka sa masa suna El Faro, wato hasumiyar fitilar da ke nuna wa jirage hanya a harshen Sifaniyanci. Wannan gyara ya sa in an yi masa lodi yakan ƙara nutsewa cikin ruwa da sama da ƙafa biyu, wanda ya kusanto da kafofin shan iskar rumbunan kayansa zuwa ga ruwa. Hukuma ba ta ɗauki gyaran a matsayin babban sauyi ba, don haka ba a tilasta masa bin sababbin ƙa'idoji ba.

Ɗaya daga cikin ƙa'idojin ta shafi kwale-kwalen ceto. Jiragen da aka ƙera daga 1986 dole ne su ɗauki rufaffe, wanda ko ya kife zai miƙe da mutanensa a ciki. El Faro ya girmi dokar, sai aka bar shi da buɗaɗɗu guda biyu, irin na da.

Aikinsa shi ne zirga-zirga duk mako tsakanin Jacksonville da San Juan, yana kai wa Puerto Rico abinci da motoci da kayan masarufi. Injin tururi gare shi, kuma duk da tsufansa yana da gudu. A tafiyarsa ta ƙarshe mutum 33 ne a ciki: Amurkawa 28 da 'yan Poland biyar masu walda da gyare-gyare, waɗanda ke shirya shi don komawa hanyar Alaska. Kayansa kwantena 391, da tireloli da motoci 294.

29 da 30 ga Satumba 2015: fita da hasashe

Ya bar Jacksonville daren Talata, 29 ga Satumba. A lokacin akwai wata guguwa da aka sa wa suna Joaquin can gabas da tsibiran Bahamas, amma ba ta kai matsayin mahaukaciya ba, kuma masu hasashen yanayi suna ganin za ta ɗan taɓa kudu maso yamma ne ta juya arewa.

Hanya biyu ce a gaban kyaftin. Akwai miƙaƙƙiya, wadda ke bi ta gabashin Bahamas a buɗaɗɗen teku. Akwai kuma ta Tsohon Mashigin Bahama, tsakanin tsibiran da ƙasar Kuba, wadda ta fi tsawo da wajen kilomita 300 amma tsibirai na kare jirgi daga iska. Ba baƙuwarsa ba ce: a watan Agusta na wannan shekarar ya bi ta don kauce wa guguwar Erika. Wannan karon sai ya zaɓi miƙaƙƙiya, da niyyar ya ɗan karkata kudu ya wuce ta ƙasan guguwar kafin ta iso.

Joaquin ba ta bi hasashe ba. Da safiyar Laraba ta zama mahaukaciya, ta ci gaba da gangarowa kudu maso yamma, tana ƙara ƙarfi. A nan ne maganar labarin yanayi ta shigo, kuma a kanta kusan komai ya rataya. Ta kafa biyu labari ke isa jirgin. Ɗaya saƙon rubutu ne tsagwaronsa daga cibiyar lura da guguwa ta Amurka, yana fitowa a na'urar ɗakin tuƙi, lambobi ne kawai sai mutum ya zauna ya zana su a taswira. Ɗayar kuwa manhaja ce ta wani kamfani, mai kawo taswira mai launi a kwamfuta, da hanyar guguwa a zane. Ita kyaftin ya fi so. Abin da mutanen jirgin ba su gane ba shi ne bayanin guguwar da ke cikin wannan taswira yana bayan na cibiyar da awa shida, kuma sai kyaftin ya sauke shi daga imel ɗinsa kafin a gan shi a ɗakin tuƙi, wanda ke ƙara wani jinkirin. Ga kuma na'urar auna iska ta jirgin ba ta aiki yadda ya kamata.

Da rana suka yi kiciɓis da El Yunque, jirgi ɗan'uwan El Faro, yana dawowa daga San Juan, suka yi magana ta rediyo, na can suka ba su labarin irin iskar da suka sha. Kyaftin ya aika wa kamfani imel yana neman izinin bin Tsohon Mashigin Bahama, amma a hanyar dawowa. Da magariba aka ƙara karkata hanya don a ratsa tsakanin tsibirin San Salvador da Rum Cay. Gab da ƙarfe 8 na dare ya sauka ɗakinsa.

Daren 30 ga Satumba: kira uku

Yawancin abin da ke cikin wannan sashe da mai bi masa duniya ba ta san shi ba sai bayan wata goma sha huɗu, da aka fitar da rubutun naɗin muryoyin ɗakin tuƙi.

Da misalin ƙarfe 11 na dare sabon saƙon cibiyar ya shigo. Joaquin ta kai mataki na 3, iskarta na gudun kilomita 185 a awa. Mataimakin kyaftin na uku, wanda ke kan aiki, ya yi lissafi ya kira kyaftin a waya sau biyu cikin mintuna kaɗan. Ya gaya masa cewa in suka ci gaba a haka, da ƙarfe 4 na asuba tazarar da ke tsakaninsu da tsakiyar guguwar ba za ta wuce kilomita 41 ba, ya ba da shawarar a juya kudu da ƙarfe 2. Kyaftin bai hau ba, hanya kuma ba ta sauya ba.

Da tsakar dare mataimakiya ta biyu ta karɓi aiki. Ta zauna ta zana wata hanyar da za ta ratsa kudu ta mashigin Crooked Island. Da ƙarfe 1:20 ta kira kyaftin ta gaya masa. Ya ce a tsaya a kan hanyar da aka tsara. A cikin naɗin ana jin ta da matuƙin da ke tare da ita suna hira, wani lokaci da dariya irin ta wanda abu ya fi ƙarfinsa, suna ambaton rigunan ceto. Amma ba wanda ya sauka ya ƙwanƙwasa ƙofar kyaftin ya ce lallai sai ya zo ya gani da idonsa.

Safiyar 1 ga Oktoba

Ƙarfe 4:09 kyaftin ya dawo ɗakin tuƙi, bayan awa takwas. Ya kwatanta yanayin da abin da ya saba gani kullum a Alaska. Iska na dukan jirgin ta hagu, ya karkata dama. Da misalin 4:40 babban injiniya ya aiko cewa karkatar tana taɓa man inji.

Ƙarfe 5:43 aka ba da labarin ruwa a rumbun kaya na 3. Wata ƙaramar ƙofa ce mai murfi a daɓen jirgin ta ɓangaren dama aka tarar a buɗe, igiyar ruwa na kwarara ta ciki. Don a samu damar rufe ta, kyaftin ya juya jirgin iska ta koma dukansa ta dama, ya karkata hagu. An rufe ƙofar. Sai dai maganin ya haifi wata cutar.

Duk mai janareto ya san in ka ajiye shi a karkace, baƙin mai ya taru gefe guda, sai ya mutu. Haka ta faru a nan. Bakin bututun da ke zuƙo mai daga tankin injin yana ta wajen dama ne. Da jirgin ya kwanta hagu, man ya gudu ya bar shi, famfo ya fara zuƙar iska. Da ma can man bai cika ba: inci 24.6 ne a tankin ranar da suka tashi, alhali littafin injin inci 27 ya ce. Jim kaɗan bayan ƙarfe 6 inji ya tsaya. Jirgin da ba inji ba ya iya fuskantar igiyar ruwa da goshinsa, sai ya ba ta haƙarƙari.

A rumbu na 3 ruwa bai daina ƙaruwa ba. Motocin da aka ɗaure sun tsinke suna yawo, kuma masu bincike sun ga alamar cewa sun fasa bututun da ke jawo ruwan teku don kashe gobara. Da karkatar ta tsananta, ruwa ya soma shiga ta kafofin shan iska.

Ƙarfe 6:59 kyaftin ya kira jami'in kamfani mai kula da lafiyar jirage, bai same shi ba, ya bar saƙo. Ya kira cibiyar kiran gaggawa, aka tsaya tambayarsa suna da bayanai, aka ce ya dakata. Da aka haɗa shi da jami'in ya ce jirgin ya karkata wajen digiri 15, ba inji, amma ba ya shirin barin jirgi. Ƙarfe 7:13 aka aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan'adam. Ƙarfe 7:27 aka kaɗa ƙararrawar taruwa, bayan minti biyu aka ba da umarnin barin jirgi. A mintunan ƙarshe mutum biyu suka rage a ɗakin tuƙi: matuƙi, wanda ya kasa hawo daɓen da ya zama gangara, da kyaftin, wanda ya ƙi tafiya ya bar shi yana ta ba shi baki. Naɗin ya yanke ƙarfe 7:39.

1 zuwa 7 ga Oktoba: neman masu rai

A tudu, abin da aka sani bai taka kara ya karya ba. Jirgi ya ce ruwa ya shige shi, inji ya mutu, daga nan shiru. Na'urar kiran agaji mai tashi da kanta in jirgi ya nutse ta yi kuka na ɗan lokaci, amma tsohuwar ƙira ce marar GPS, ba a iya gane inda take ba kafin ta yi shiru.

Guguwar kuwa ta kai mataki na 4, ta tsugunna a kan wurin kusan kwana biyu. Jiragen sama masu shiga cikin guguwa don aune-aune sun yi ta kira ta rediyo ba amsa. Ranar 2 ga wata jirgin dakarun tsaron gaɓar teku ya gwada, iska ta koro shi. Ranar 3 aka tsinci zoben ceto mai ɗauke da sunan jirgin. Ranar 4, da gari ya lafa, aka ga tarkace da mai a kan ruwa, da kwale-kwalen ceto guda a farfashe ba kowa ciki. Wani jirgi mai saukar ungulu ya tarar da gawa cikin rigar kariya daga sanyi. Kafin a ɗauke ta aka kira shi ya duba wani wuri da ake zaton akwai mai rai, ya jefa alama ya tafi; alamar ba ta yi aiki ba, da ya dawo bai sake ganin gawar ba.

Ranar 5 hukuma ta bayyana cewa jirgin ya nutse. Ranar 7 da faɗuwar rana aka dakatar da nema, bayan an zagaye sama da murabba'in kilomita 600,000. Ba a dawo da kowa ba, da rai ko ba rai. A wannan gaɓar ce labarin Cyclops da na jiragen 1945 suka tsaya.

Oktoba zuwa Nuwamba 2015: fita ta farko

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta nemi taimakon rundunar sojin ruwa. Ranar 19 ga Oktoba jirgin Apache ya tashi daga Virginia. Abin da ake nema shi ne baƙin akwati, mai naɗar murya da bayanan tafiya, wanda ke maƙale a jikin turken da ke saman ɗakin tuƙi. Yana da ɗan abin ƙara mai batirin kwana 30. Aka ja na'urar saurare a cikin ruwa kwana da kwanaki, ba a ji komai ba.

Sai aka sauya dabara, aka koma ga sona, na'urar da ke harba sauti ƙasan teku ta zana hoton abin da ya dawo. Aka raba wurin layi-layi kamar kunyar gona, ana bi ɗaya bayan ɗaya, daga inda jirgin ya ba da labarinsa na ƙarshe. Ranar 31 ga Oktoba hoton wani abu mai tsawon jirgin ya fito. Aka saukar da mutum-mutumin nutso mai kyamara, CURV-21, ya tabbatar: El Faro ne, zaune a kan cikinsa, a zurfin kusan mita 4,700. Ya fi inda Titanic ke kwance zurfi da wajen mita 900. Wurin yana arewa maso gabas da Crooked Island da kimanin kilomita 67, daga cikin layin kudu na alwatikar.

Amma ɗakin tuƙi ya ɓalle. An gano shi daga baya can nesa da gangar jirgin, ba turke, ba akwati. A tsakiyar Nuwamba aka tattara aka koma gida hannu rabbana.

Afrilu da Agusta 2016: akwatin

A watan Afrilu aka koma da jirgin binciken kimiyya Atlantis na cibiyar Woods Hole, da wata na'ura mai suna Sentry wadda ke yawo da kanta kusa da ƙasan teku ba igiya, tana zana taswira dalla-dalla. Abin da ake nema bai fi ƙwallon kwando girma ba, a cikin duhu, a tsakiyar tarkacen kwantenoni da motoci. Ranar 26 ga Afrilu aka gan shi a gindin turken. Sai dai kayan aikin da ke jirgin na gani ne, ba na yanka da ɗauka ba. Aka rubuta wurin aka sake komawa.

Fita ta uku Apache ne ya koma da CURV-21, yanzu da kayan aikin da suka dace. Ranar 8 ga Agusta 2016 aka fito da akwatin, bayan wata goma a ƙarƙashin ruwa. Awa 26 na magana ne a ciki. Saboda rurin iska da ƙarar ƙarfe, wata jimlar sai an maimaita ta sau da yawa kafin a ji. Aikin ya ci sama da awa 1,100. A watan Disamba aka fitar da rubutun, shafi 510, mafi tsawo da hukumar ta taɓa yi zuwa lokacin.

2017 zuwa gaba: abin da aka yanke

Dakarun tsaron gaɓar teku sun fitar da rahotonsu ranar 1 ga Oktoba 2017, NTSB kuma ta yanke nata ranar 12 ga Disamba. A kan gaba ta sa kyaftin: bai yi abin da ya isa ba don kauce wa guguwar, bai yi aiki da labarin yanayi mafi sabunta ba, ya kuma makara wajen tara ma'aikata. Bayan shi ta jero raunin tsarin kamfani na kiyaye haɗari, rashin horar da ma'aikatan ɗakin tuƙi yadda ƙarami zai iya tsayawa kan maganarsa a gaban babba, buɗaɗɗiyar ƙofa, fasasshen bututu, man inji, kafofin iska, da kwale-kwalen da ba zai ceci kowa ba a irin wannan teku. Da aka je duba El Yunque, aka tarar tsatsa ta cinye bututan shan iskarsa. Ba a jima ba aka kai shi mayanka.

A ganina ɗora wa kyaftin kaso mafi girma daidai ne, amma bai kamata ya rufe sauran ba. Mutumin ya yarda da taswirar da aka saya aka ba shi, ba wanda ya koya masa cewa labarin da take ba shi na ɗazu ne. Mataimakansa biyu sun ga gaskiya a takarda, suka faɗa da ladabi irin na ƙarami, aka ce a'a suka yi shiru. Wannan ba baƙon hali ba ne gare mu. Kamfanin da ke da jirgi a bakin mahaukaciyar guguwa bai bi sawunsa ba cikin daren. Cire ɗaya daga cikin waɗannan, wataƙila da jirgin ya isa San Juan a makare.

Game da alwatikar kuwa, ban ga inda ta shigo cikin shafi 510 ɗin nan ba, sai ta fuskar abin da kowane matuƙin jirgi ya sani game da wurin: hanya ce mai cunkoson jirage, daminar guguwa na ratsa ta daga Yuni zuwa Nuwamba, ruwan Gulf Stream mai gudu yana kwashe tarkace ya yi arewa da su, ga tudun murjani a nan, ga rami mai zurfin sama da mita 8,000 a arewacin Puerto Rico. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta ce ba wata shaida da ke nuna jirage sun fi ɓacewa a nan fiye da kowane yanki mai yawan zirga-zirga. Nema a saman ruwa ya gaza a 2015 kamar yadda ya gaza a 1918 da 1945. Abin da ya bambanta shi ne an san inda jirgin ya yi maganarsa ta ƙarshe, akwai na'urar da za ta iya sauka kilomita huɗu da rabi, akwai akwatin da ya jure, kuma an yarda a koma har sau uku.

A watan Oktoba 2018 Amurka ta kafa dokar gyaran tsaron jiragen ruwa, wadda ta taɓa batun labarin yanayi da na'urorin agaji, aka sa mata sunan matuƙin nan da kyaftin ya ƙi bari. El Faro na nan inda aka gan shi. Ba a yi yunƙurin ɗago shi ba, kuma cikin mutum 33 ba wanda aka kai wa iyalinsa suka binne.